Biza Biyu a Gida Ɗaya: Lamarin Ɗan Kasuwar Gombe da Ya Je Makka Bai Hau Arfa Ba

A Hajjin 2024 mutum biyu suka tashi daga gida ɗaya a cikin garin Gombe, uwa da ɗanta. Ita ta bi ta hukumar jin daɗin alhazai ta jiha, da bizar Hajji a fasfonta. Shi kuwa ya tafi da bizar ziyara da wani ejan ya samo masa. Uwar ta dawo da Hajjinta cikakke. Ɗan ya dawo da tsaraba da bashi, ƙafarsa ba ta taka Arfa ba, kuma waɗanda suka san haka a unguwarsu ba su cika tafin hannu ba. Ɗan kasuwar hatsi ne a Tudun Hatsi, magidanci mai mata da 'ya'ya, mutumin da ba a yi masa wayo a kan buhun wake. Ba za a ambaci sunansa a nan ba, haka ma sunan ejan ɗin.

Inda lissafi ya karye

Niyyarsa tun farko mai kyau ce, kuma a kan hanya take. Mahaifiyarsa ta tsufa, gwiwa ta fara ba ta matsala, yana so ya kai ta da hannunsa ya riƙe ta a ɗawafi da jifa. A 2023 kujerar Hajji ba ta kai naira miliyan 3 ba, don haka ya yi lissafin cewa in ya sayar da abin da ya ajiye na kaka, kujeru biyu ba za su gagare shi ba.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne naira. A watan Yunin 2023 gwamnatin tarayya ta saki farashin canji ya bi kasuwa. Dalar da ake samu a hukumance kusan naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Kusan duk abin da ke cikin kuɗin kujera da dala ko riyal ake biyansa: jirgi, masauki a Makka da Madina, abinci, tantin Minna da Arfa, motocin da ke jigila, da guzuri. Da farko hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta tsayar da N4,699,000 ga maniyyatan yawancin jihohin Arewa. Ya biya wa mahaifiyarsa, ya ce tasa sai ya kaɗa masara. Ana cikin azumi, a ƙarshen Maris, sai hukumar ta ce duk wanda ya biya ya ƙaro kimanin naira miliyan 1.9 cikin 'yan kwanaki, sabon mai biya kuma zai kawo sama da naira miliyan 8.2. Gwamnatin tarayya ta zuba tallafin naira biliyan 90, wasu gwamnoni irin na Bauchi da na Kano suka rage wa maniyyatansu wani abu daga cikon, amma duk wannan ya shafi wanda ya riga ya shiga layi ne. Mutuminmu ya cire cikon mahaifiyarsa daga kuɗin da ya tara wa kansa. Abin da ya rage bai kai rabin sabuwar kujera ba.

A nan akwai abin da ya kamata a lura da shi. A wasu ƙasashen Musulmi, irin su Indunusiya, mutum yana da kuɗinsa a hannu amma sai ya jira shekaru kafin layi ya zo kansa. Mu ba layi ne matsalarmu ba. Saudiyya ta ba Najeriya kujeru 95,000 a shekarar, ba mu cike su ba. Kujeru na nan a zube, kuɗin saye ne babu. Saboda haka mai bin ɓarauniyar hanya a nan, sauƙin farashi yake nema.

Ejan

Ejan ɗin ba baƙo ba ne. Masallaci ɗaya suke sallar Magariba, kuma ya sha tura mutane Umara sun je sun dawo lafiya. Wannan shaidar ce ta fi kowace takarda ƙarfi a wajen mutanenmu. Ba shi da lasisin NAHCON, ba shi da ofis sai wayarsa. Shi dillalin wani ne a Kano, na Kanon kuma yana hulɗa da wani a Saudiyya mai fitar da takardar gayyata.

Maganarsa a taƙaice ita ce: "Alhaji, biza ai biza ce. In ka shiga ƙasar ka shiga. Ka tafi da wuri kafin a rufe hanya, ka yi Umararka, ka zauna wajen mutanenmu. Tasrihi kuma a can za a samo maka, ranar Arfa ba mai tambayar kowa." Tasrihi shi ne takardar izinin yin aikin Hajji. Farashin ya haɗa biza, tikitin zuwa da dawowa, da wurin kwana a Makka. An tura kuɗin cikin asusun ejan ɗin na ƙashin kansa, ba rasit, ba yarjejeniya, sai saƙonnin murya a WhatsApp.

Biza kuwa ba biza ba ce kawai. Saudiyya tana ba da biza iri-iri, kowace da abin da ta halatta: ta Umara, ta ziyarar dangi ko kasuwanci, ta yawon buɗe ido, ta aiki, sannan ta Hajji. Ta Hajji kaɗai ce ke ba baƙon da ya zo daga waje damar shiga Minna da Arfa a kwanakin aiki, kuma ba a samunta sai ta cikin kason ƙasa, wato ta hukumar jiha ko kamfanin jirgin yawo mai lasisi. A jikin bizar ziyara ma akwai rubutun da ke cewa ba ta Hajji ba ce. Mutuminmu ya ga rubutun, ya tambaya, aka ce masa haka suke rubutawa a kowace.

Kuma ba a rasa gargaɗi ba. A watan Nuwamban 2023 wani jirgin Air Peace da ya ɗebi fasinja daga Legas da Kano ya sauka Jidda da mutum 264, hukumomin Saudiyya suka soke bizarsu a filin jirgi. Bayan sa baki aka bar 87 suka shiga, aka juyo da 177. Ofishin jakadancin Saudiyya ya ce bayanan da aka bayar wajen neman bizar ba su dace da irin bizar da aka karɓa ba. Labarin ya cika gidajen rediyo. A watan Afrilun 2024 kuma majalisar manyan malaman Saudiyya ta fitar da fatawa cewa bai halatta a tafi Hajji ba tare da izini ba, kuma mai yin haka yana da laifi. Duk ya ji. Amma ya ji daga nesa, ejan kuwa yana zaune kusa da shi a kan tabarma ɗaya.

Sai mahaifiyar ce ta yi tsaiko. Ta ce masa, "Kai, in babu hali ka bari mana. Allah bai ɗora wa wanda ba shi da iko ba." Ya ce, "Inna, ku dai ku sa mini albarka, a can za ku same ni." Ta sa masa.

Makka a ɓoye

Ya tashi daga Kano a farkon Mayu, ya sauka Jidda ba wanda ya tare shi, domin bizarsa ta gaskiya ce, ba jabu ba. Wannan shi ne abin da ke ruɗar mutane: an buga maka hatimi an ce ka wuce, to ina laifin? Ya yi Umararsa cikin natsuwa. Aka kai shi wani gida a lungunan da ke wajen Shara Mansur, inda Takari, wato mutanenmu mazauna can, suka daɗe da zama, ɗaki ɗaya da mutane da yawa, kowa da katifarsa. Makonni biyun farko ya sha ɗawafi, har ya riƙa turo hotuna gida.

Daga 23 ga Mayu, wato 15 ga Zulƙida, doka ta fara aiki: mai bizar ziyara ko wace iri ce ba shi da izinin shiga Makka ko zama a cikinta har sai 15 ga Zulhajji. Daga 2 ga Yuni kuma duk wanda aka kama ba tasrihi, tarar riyal 10,000 ce, baƙo kuma a fitar da shi a hana shi dawowa. A canjin lokacin, riyal 10,000 ta doshi naira miliyan 4. A shekarar ce kuma aka fito da katin Nusuk, wanda kowane alhaji na hukuma ke ratayawa a wuya, da hotonsa da lambar da askarawa ke haskawa da waya su ga sunansa da masaukinsa da tantinsa. Wanda ba shi da shi, daga nesa ake gane shi.

Zama ya koma na ɗaki. Ba fita sai da dare, abinci sai an aika yaro, in an ji motar askarawa a layi a kashe fitila. Mutumin da ya zo don ya kusanci Ka'aba, yana jin kiran salla daga Harami yana yin tasa a kan katifa. Mai gidan ya ƙara kuɗin haya, ya ce shi ma kasada yake yi. Tasrihin da aka yi alkawari ya zama wani kati da aka buga a shago, wanda ko su 'yan ɗakin sun san ba zai wuce shingen farko ba, shi ma sai da aka karɓi ƙarin riyal.

Mahaifiyarsa ta iso tare da alhazan jiha, ta yi kwanakinta a Madina, aka kawo su masaukinsu a Makka. Tsakaninsu ba nisa, amma ganin da ya yi mata kaɗan ne, a gurguje, yana waige-waige. Wata mata 'yar Kumo da ke ɗakinsu ita ta zama mai riƙe ta zuwa Harami.

Daren tara ga wata

Ranar Juma'a 14 ga Yuni ita ce takwas ga Zulhajji. Motocin alhazai suka kwashi masu kati zuwa Minna. Su kuwa 'yan ɗakin suka haɗa kuɗi suka ba wani direba da ya ce ya san hanyar da ba shinge. Suka ɗaura harami, suka yi niyyar Hajji, suka shiga mota biyu cikin dare. Ta farko ta wuce. Ta biyu, wadda mutuminmu ke ciki, ta faɗa hannun jami'ai. Aka sauke su, aka ɗauki hoton yatsunsu, aka zuba su a babbar mota sai Jidda. Hukumomin Saudiyya sun ce kafin ranar Arfa sun fitar da mutum sama da 300,000 marasa izini daga Makka, kusan rabinsu baƙi ne masu bizar ziyara da yawon buɗe ido. Shi ɗaya ne a cikinsu. Ranar Asabar, lokacin da alhazai sama da miliyan 1.8 ke tsaye a Arfa, yana zaune da haraminsa a wani masallaci a Jidda.

A ranar ya ɗauka shi ne mafi rashin sa'a a cikin 'yan ɗakinsu. Sai daga baya labarin motar farko ya iso. Direban ya sauke su da nisa ya ce su ƙarasa da ƙafa. Tsakanin Makka da Arfa kusan kilomita 20 ne. Sun isa, amma ba tanti, domin kowane tanti da masu shi, kuma ana duba kati a ƙofa. Ba motar komawa Muzdalifa. Zafin shekarar ya kai maki 51.8 a ma'aunin Salshiyos a Harami ranar 17 ga Yuni. Wani dattijo daga cikinsu ya faɗi a hanyar Minna, abokansa suka yi ta jinkirin kiran motar asibiti saboda tsoron kamu, sai da wasu alhazan wata ƙasa suka kira. Ya rayu, amma ya dawo gida da jinya mai tsawo. Ranar 23 ga Yuni ministan lafiya na Saudiyya, Fahad al-Jalajil, ya sanar da cewa mutum 1,301 sun rasu a Hajjin, kuma kashi 83 cikin 100 ba su da izini, sun yi doguwar tafiya a rana ba inuwa ba wurin hutawa. Masar, wadda ta fi kowa asara, ta ƙwace lasisin kamfanonin tafiye-tafiye 16.

Idan aka jera abin da uwar ta samu da abin da ɗan ya rasa, sai a ga inda rarar kuɗin ta fito. Tanti mai sanyaya, mota, abinci, likitocin tawagar Najeriya, malamin bita, jami'in da zai neme ta in ta ɓace, da suna a cikin rajistar da za a duba in wani abu ya faru. Waɗannan ne ejan ya cire daga farashi, bai faɗa ba.

Akwai kuma ɓangaren fiƙihu, wanda shi ya fi damun mutumin. Hajji ita ce Arfa. A mazhabar Malikiyya, wanda ya ɗaura haramin Hajji tsayuwar Arfa ta kuɓuce masa, zai warware haraminsa da aikin Umara, sannan akwai ramuwa da hadaya a kansa. Malamin da ya tambaya a waya ya faɗa masa haka. Wato ya tafi babu wajibi a wuyansa, tunda ba shi da iko, ya dawo da ramuwa.

Me ya sa Saudiyya ta matsa haka

A ƙasar Gombe akwai tsohon tunanin cewa hanyar Makka ba ta neman izinin kowa, kuma yana da tushe. Ta nan ayarin gabas ke wucewa. A Burmi, kusa da Bajoga, Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a watan Yulin 1903 yana kan hanyar hijira zuwa gabas, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogi har yau. Kakanninmu sun yi shekaru suna tafiya ta Chadi da Sudan, suna noma suna ƙwadago a hanya, su haye Bahar Maliya. Jikokin wasunsu ne Takarin da suka ba mutuminmu ɗaki. Wanda ya tashi da irin waɗannan labaran, in aka ce masa wai sai da kati, sai ya ji abin kamar shisshigi ne tsakaninsa da Ubangijinsa.

Amma kwarin Minna bai ƙara faɗi ba, mutane ne suka ƙaru. Tun ƙarshen shekarun 1980 ƙasashen Musulmi suka amince da tsarin kaso, kimanin mutum 1,000 a cikin kowane Musulmi miliyan ɗaya. Turmutsitsin Minna na 2015, wanda ya ci 'yan Najeriya sama da 200, cikinsu har da 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin, ya nuna abin da ke faruwa in lissafin jama'a ya kuɓuce. A kan wannan ba na ganin laifin masu tsaron shinge.

Inda nake ganin Saudiyya na da nata kason shi ne wajen buɗe ƙofa. Tun Satumban 2019 da ta fara ba da bizar yawon buɗe ido, ta yi ta sassauta shiga ƙasar, tana neman masu Umara miliyan 30 a shekara kafin 2030. Shiga ƙasa ya yi sauƙi, shiga Arfa ya ƙara tsada da tsauri. Tsakanin waɗannan biyun ne ejan ya kafa rumfarsa. Da alama sun gane haka, domin a 2025 sun rufe da wuri: 13 ga Afrilu ce ranar ƙarshe ta shigar mai bizar Umara, 29 ga Afrilu ta fita. Tara ta koma riyal 20,000, wadda ta kusa kuɗin kujerar shekarar ta naira miliyan 8.4 da ɗoriya. Wanda ya nemo wa mutum bizar, ko ya ɗauke shi a mota, ko ya ba shi masauki, tasa ta kai riyal 100,000. Ga kuma haramcin shiga ƙasar na shekara 10.

Gida

Ya dawo kafin wa'adin bizarsa ya cika, 'yan kwanaki kafin jirgin mahaifiyarsa. Aka yi ta zuwa barka da sauka, ana Alhaji an dawo lafiya, yana amsawa. Ya raba hula da carbi da dabino. Matarsa ta sani, mahaifiyarsa ta sani, sai aminai biyu.

Ya nemi ejan. Ejan bai gudu ba, bai ma kashe waya ba. Ya ce, "Alhaji, me na ce zan ba ka? Biza. Ka shiga Saudiyya ko ba ka shiga ba? Waɗanda suka shiga motar farko ai sun hau Arfa. Rabo ne." Aka kai maganar gaban wani dattijon kasuwa a asirce. Dattijon ya saurari kowa, ya matsa wa ejan ya mayar da kuɗin katin jabu, sauran kuwa ya ce wa mutuminmu wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Hanyar shari'a a buɗe take. Akwai dokar 2006 da ta hukunta karɓar kuɗi da yaudara, hukumar EFCC na da ofishin shiyya a nan Gombe, ga shaidar tura kuɗi ta banki, ga saƙonnin murya inda aka yi alkawarin tasrihi. Sayar da tafiyar Hajji ba lasisi ma kansa saɓa ƙa'idar NAHCON ne. Wani lauya ɗan unguwarsu ya ce ƙarar tana da ƙafafu. Mutumin ya ƙi. Shigar da ƙara na nufin ya tsaya gaban jama'a ya ce bai hau Arfa ba, bayan an yi wata guda ana kiransa Alhaji, kuma ya yarda cewa shi ma ya san akwai lauje cikin naɗi.

A ganina wannan kunyar ita ce jarin sana'ar. Waɗanda suka tsallake shinge suka dawo da rai su ne tallar ejan, suna ba da labari a majalisa da alfahari. Waɗanda aka zubar a Jidda ba sa magana. Saboda haka abin da ke yawo a gari rabin labari ne, kuma rabin mai daɗin. Sanarwar hukuma a rediyo ba za ta yi tasirin mutum ɗaya da zai miƙe bayan sallar Juma'a ya ce ga abin da ya same ni ba. Malamai ma suna da abin yi: ana yawan wa'azin falalar Hajji, ba a cika tsayawa a kan sharaɗin iko ba, alhali ayar da ta wajabta shi ita ce ta ɗaure shi da samun hanya. Hukumomin alhazai kuma, da za su riƙa manna sunayen kamfanoni masu lasisi a ƙofar masallatan Juma'a da kasuwanni irin Tudun Hatsi, da Hausa da ajami, da an rage masu cewa ba su sani ba. Tsarin adashin gata na Hajji da NAHCON ta ƙaddamar da bankin Jaiz a 2020 an yi shi ne don irin wannan ɗan kasuwar, mai samun kuɗi kaka zuwa kaka, sai dai wanda ke tara naira don biyan abin da ake sayarwa da dala, yana bin abin da ke gudu ne, kuma gaskiya ce da ya kamata a faɗa masa tun farko.

A azumin 2025 ya je wani kamfani mai lasisi a Kano neman bizar Umara, da nufin ya gwada ko hoton yatsun nan ya bar masa tabo. Bayan kwanaki suka kira shi suka ce bizar ba ta fito ba, suka mayar masa da kuɗinsa ban da na aiki. Ramuwar da malam ya ce tana kansa tana nan, ga shi ƙofar a rufe. Ya gama biyan bashin da ya ci a wajen abokin cinikinsa da kakar wake ta bara. Ejan ɗin yana nan yana tura mutane Umara, kuma har yanzu sahu ɗaya suke tsayawa da Magariba.